Yadda Na Kawo Babana Gombe daga Kumasi

A bakin iyakar Gana da Togo na fara jin Baba yana yi wa mutane ƙarya. Duk wanda ya tambaye shi ina muka nufa, sai ya ce gida, Gombe, 'yan'uwa suna can suna jiranmu. Babu mai jiranmu. Ya bar Gombe tun yana saurayi, bai sake komawa ba, kuma bai taɓa aika ko ƙwaryar goro ba, shi da ya ƙare ƙarfinsa a cinikin goro.

Sunana Ramatu, ni ce 'yarsa ta fari. A zangon Kumasi, unguwar baƙi Hausawa, aka haife ni. Uwata Batoniya ce, 'yar asalin ƙasar Kumasi, ta rasu ina budurwa. Da gwamnatin Gana ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita, kawuna, yayan uwata, ya zo har zango ya ce da ni a gaban Baba, da Tonanci, harshensu, "Ke tamu ce, a wurinmu ɗa na uwa ne. Tsohon nan ya tafi, ke ki zauna." Ƙannena maza biyu suka bi kawu. Ni aurena ya mutu, ba ni da ɗa, Baba kuwa ƙafafunsa sun fara kumbura, ko buta ba ya iya ɗauka da nisa. Na ɗora keken ɗinkina a ka, na riƙe hannunsa.

Ban ga laifin ƙannena ba, ban ga na kawu ba. Wannan shi ne ciwona tun ina ƙarama. In matan zango suna zagin Tonawa, kakata nake tunawa tana ɓare mini rogo. In na je ƙauyen su uwata ana zagin mutanen zango, Baba nake gani yana alwala. Ba na iya taya kowa zagi, saboda haka duk inda na shiga sai hira ta mutu.

A bakin iyakar mutane sun yi dandazo a fili, ba inuwa, ruwan sha ma sai an saya. Kowa ya nemi nasa. Yarabawa gefe guda, Zabarmawa gefe guda, Hausawa gefe guda. Na zaunar da Baba cikin maza, na ɗauki kwanona na nufi inda matan Hausawa suka kafa murhu. Wata mai jiki, da na sani a kasuwar Kumasi tana sayar da atamfa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ba 'yar Batoniyar nan ba ce?"

Na ce ni ce.

"To me kika zo yi cikinmu? Danginki sun kore mu, maƙwabciyata ta shige shagona tun ban gama kwashe kaya ba. Kin biyo mu ki ga ƙarshenmu ne?"

Ba wadda ta ce mata ta bari. Na tsaya da kwano a hannu, kuma abin haushi, ina ganin shagon nata a idona, ina jin zafin da take ji. Na juya. Wata Bayarabiya mai suna Iya Sikira, da ita ma a Kumasi ta tsufa, ta yafito ni. Ta ba ni dokunu biyu, tuwon masaran Gana, da barkono, ta yi mini magana da Tonanci ƙasa-ƙasa, kamar masu cinikin kayan sata. Ta ce ita ma ba ta san kowa a garin da za ta ba. Muka ci, muna hira da harshen waɗanda suka kore mu, don shi kaɗai ya haɗa mu.

A Kwatano aka cuce mu. Motar da ta ɗauko mu ta sauke mu a wata tasha, direba ya ce iyakarsa ke nan. Muna zaune sai ga wani mutum da farar riga da hula zanna, ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da Baba. Hausarsa tas, irin wadda muke ji a rediyo. Baba ya washe baki, rabon da in ga haƙoransa tun Kumasi. Mutumin ya ce yana da mota mai zuwa Arewa kai tsaye, ba sai mun bi ta Ikko ba. Ya sa aka ɗora akwatinmu da kekena, ya ɗaure su da hannunsa, sannan ya ce, "Baba, ku je ku yi azahar a natse, ba ma tashi sai kun dawo."

Muka dawo babu mota, sai tabon mai a ƙasa.

Baba ya zauna a wurin ya ce mai suka je sha. Na ce, "Baba, sun tafi." Ya ce, "Mutum mai irin wannan Hausa ba ya cutar tsoho." Muka zauna har rana ta yi ja. A cikin akwatin nan akwai maganinsa, da rigarsa ta Salla da ya ce da ita zai shiga Gombe. Keken kuwa shi ne abincinmu. Na koma bayan wata rumfa na cusa gyale a baki don kada ya ji ni. Da na dawo na tarar ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa gani ya yi a bainar jama'a ba.

A Ikko aka tara mu a wani fili, ma'aikata suna raba mutane zuwa garuruwansu. Wani matashi ya tambayi Baba jiharsa. Baba ya ce shi mutumin ƙasar Sarkin Gombe ne. Matashin ya ce ai yanzu jihohi ake yi, ya faɗa masa sunan tasu. Baba ya maimaita sunan a hankali kamar mai koyon karatu. Aka ba mu tikitin jirgin ƙasa.

Lokacin ana gab da gama yaƙin basasa, jirgin cike yake da sojoji masu komawa gida, wasu da bandeji. Wani da aka yanke wa yatsu ya tashi ya ba Baba wurinsa, ya miƙo mini burodi da kifin gwangwani. Ina godiya sai wata mata ta yi tuntuɓe da kaya, na ce, "Wayyo, matar nan ya faɗi." Taragon ya ɗauki dariya. Mu a zango haka muke magana, ba ruwanmu da ya ko ta. Sojan ya ce, "'Yar'uwa, Hausar taki ta sha ruwan teku." Ba da mugunta ya faɗa ba, ya daɗe bai sami abin dariya ba, na gani a fuskarsa. Amma daga nan har Kafancan ban sake buɗe baki ba sai in Baba ya tambaye ni ruwa.

Bayan Bauci Baba ya manne da taga. Yana kiran sunayen itatuwa, yana nuna mini shanu, yana cewa waɗannan farare irin na gidansu ne. Ƙafafunsa sun kumbura har na yanka bakin wandonsa da reza.

Muka sauka Gombe da hantsi. Baba ya tsaya a tasha yana juyawa. Shi garin da ya bari ba jirgi, ba kwalta, daga ƙofar gidansu ana hango saura. Yanzu ga manyan motoci shaƙe da auduga, ga shaguna, ga masu keke suna ta ƙararrawa. Ya ce mu nemi wata kuka mai rijiya a gindinta. Duk wanda muka tambaya sai ya ce wace kukar. Muka yi ta yawo yana jingine a kafaɗata, yana hutawa a gindin kowace katanga. Sai da la'asar, da Baba ya faɗi sunansa, wani tsohon mai gyaran takalmi ya ce, "Yero ɗan Dada? Wanda ya tafi Gwanja fataucin goro? Ai an ce ya mutu." Baba ya ce, "Ga ni." Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ƙanin Baba, Buba, yana unguwar Hammadu Kafi, dillalin shanu ne.

Baffa Buba yana zaune a ƙofar zaure da mutane huɗu ko biyar. Ban buƙaci a nuna mini shi ba. Hancin Baba ne, goshin Baba ne, sai dai shi a miƙe yake kamar sanda. Baba ya saki kafaɗata ya tsaya da ƙafafunsa, ya yi sallama. Aka amsa. Ya ce, "Buba, ni ne Yero."

Baffa bai tashi ba. Ya ce da Hausa, don kowa ya ji, "Ina da wa mai wannan suna. Ya tafi fatauci ya ce da uwarmu kafin shuka zai dawo. Mun yi masa addu'a tuntuni."

"Buba."

"Malam, in baƙo ne kai, ga masallaci can, za a kai maka tuwo. Gidan nan ba ɗaki."

Mutanen suka sunkuyar da kai. Na durƙusa na ce, "Baffa, ba shi da lafiya, ka dubi ƙafarsa." Ya dube ni a karo na farko, ya tambayi na kusa da shi wani abu da Fillanci, wancan ya amsa. Ban ji ko kalma ba, amma na san ni ake nufi. Ya tashi ya shige gida.

Tuwon ya zo masallaci kamar yadda ya ce. Baba bai taɓa shi ba. Ni kuma ba a barin mace ta kwana a nan, sai na koma tasha na raɓe cikin matan da ke jiran jirgi. A nan Mama Rifkatu ta same ni da safe. Batangaliya ce daga kudancin Gombe, Kirista, tana sayar da shinkafa da wake ga ma'aikatan jirgi. Ta ce, "Ke, jiya na gan ki, yau na gan ki. Jirgin naki ba ya zuwa ne?" Na buɗe baki in yi ƙarya sai kuka ya riga ni. Ta saurare ni tana zuba wa mutane abinci. Da na gama ta ce tana da ɗakin da take ajiye itace da buhuna, in za mu iya. Hausarta ita ma a karkace take, ba ta taɓa yi wa tawa dariya ba.

Muka share ɗakin, na shimfiɗa wa Baba buhu. Ina wanke mata tukwane ina tsince wake, tana ba mu abinci. Ran Lahadi gidan yakan cika da danginta, su yi ta waƙa da hira da yarensu, su miƙo mini kunu da fara'a, ni ina bakin ƙofa da gyalena. Matan unguwa Musulmi kuma suka sa mini Ramatu Gana, suna tambayar Mama a ɓoye wai da gaske ne ina salla. Na tambayi kuɗin jirgin komawa Ikko, na ji, na bar zancen. Ko na samu, iyaka a rufe take gare mu, Baba kuma ba zai kai ko Bauci ba.

Ana nan aka yi suna a gidan Baffa. Na wanke zanena ɗaya, na tafi ba gayyata. Matan suna tsakar gida a kan tabarmi, hira ta yi daɗi, da na yi sallama aka yi tsit, sannan aka ci gaba da Fillanci. Aka zubo mini abinci a kwano daban, aka ajiye mini can gefen turmi. Ina kallon fuskokinsu ina ganin kamannina, wata ma har wushiryata gare ta, amma ba wadda ta matso.

Sai wata tsohuwa ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce ita Goggo Adda ce, ƙanwarsu Baba. Ta ce, "Kina ganin Buba mugu ne ko?"



Ta ce, "Uban naki shi ne babba cikin mu da muka rayu. Da ya tafi, Buba bai fi kai akuya kiwo ba. Shekarar da ciwo ya shiga shanu, shi kaɗai ya yi ta jan mushe. Dadarmu kuwa, uwar da ta haife mu, duk rani in fatake suka sauka sai ta dafa fura ta kai musu, tana tambaya ko sun ga ɗanta. Har idonta ya tafi ba ta daina ba, Buba ke jan ta zuwa. Ranar da za ta cika yana riƙe da kanta, ta shafa fuskarsa ta kira shi Yero. Ya amsa mata. Ki gaya mini, in ke ce fa?"

Na fito gidan da nauyin da ya fi wanda na shiga da shi. Da ina iya tsanar Baffa da na sami abin riƙewa. Na isa ɗaki na tarar da Baba yana jan carbi, na zauna ban gaishe shi ba. Na ce, "Baba, me ya hana ka aike?"

 Ya ce, "Shekarar farko 'yan fashi suka tare mu, na ce ba na aike hannu wofi. Da na samu, na riga na auri uwarki, na ce bari in san yadda zan faɗa. Daga nan kuma kullum abin sai ƙara girma yake." Ya juya fuska bango. Na so in yi masa faɗa, amma ina ganin saurayin nan a bakin hanya an kwashe masa komai, kamar yadda aka yi mana a Kwatano.

Ba a daɗe ba, wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, ya kife. Mama Rifkatu ta tsayar da mai amalanke muka kai shi asibiti. Suka duba suka ce ɓarin jikinsa ne ya shanye, mu koma gida mu yi ta jinya. Da ya farfaɗo ya buɗe baki, abin da ya fito ba Hausa ba ne, ba Tonanci ba ne. Fillanci ne. Tunda nake ban taɓa jin ya yi shi ba, ban ma san yana nan cikinsa ba.

Na ce, "Baba, ruwa?" Ya dube ni ya yi ta magana. Na kawo ruwa ya kau da kai. Na kawo kunu, na gyara masa kwanciya, na yi masa Tonanci irin na wasa da yake yi mana muna yara. Ya kama hannuna da hannunsa mai rai ya matse, yana maimaita abu guda, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Mama Rifkatu ta kasa kunne ta ce ita gaisuwa kawai ta iya. Akwai masu jin Fillanci a unguwar, ta ce ta kira wani. Na ce a'a. Ban san me yake faɗa ba, ban so asirin ubana ya faɗa kunnen mai wucewa.

Ya yi yini biyu a haka, muryar tana raguwa. Na ga in na ƙara jira zai tafi da maganarsa. Na bar shi da Mama na nufi tike, kasuwar shanu, da rana tsaka.

Ba mace ko ɗaya a wurin. Na kutsa tsakanin ƙahoni da maza masu sanduna, ana ce mini ke, ke, ina za ki. Na hango Baffa ya sa hannu cikin hannun rigar wani suna ciniki. Na zube a gabansa, gwiwoyina cikin kashin shanu.

"Baffa, ban zo neman ɗaki ba. Ban zo neman abinci ba. Na ji abin da aka yi maka, kuma ban ce ka yafe ba."

Ya zare hannunsa. Aka fara taruwa.

"Ubana yana mutuwa, yana magana, ba na ji. Ya manta Hausa. Ni na ɗauko shi tun daga Kumasi, ba ni da kowa sai shi, kuma ba na jin abin da yake ce mini. Ka zo ka ji mini. In ka gama ka tafi."

Ya tsaya yana kallon bayan kaina. Wani dattijo ya yi masa magana da Fillanci a hankali. Baffa ya miƙa wa wani sandarsa, ya ce, "Tashi, mutane na kallo." Ya wuce gaba, ina binsa a baya har gidan Mama.

Ya sunkuya ya shiga ɗakin itacen. Ya dubi buhun da wansa ke kwance a kai, ya dubi rufin. Baba ya buɗe ido ya faɗi wata kalma. Baffa ya tsuguna. Baba ya yi ta magana, yana tsayawa yana jan numfashi, Baffa yana amsawa da kalma ɗaya ɗaya, daga baya ya zauna dirshan a ƙasa ya ɗora kan Baba a cinyarsa. Na ji Dada, na sake jin Dada. Ita kaɗai na gane. Ina tsaye a bakin ƙofa, Mama Rifkatu tana bayana ta dafa ni. Na kasa kunne ko zan ji Ramatu. Har aka kira la'asar suna yi, sannan muryar Baba ta koma numfashi, Baffa ya shiga yi masa kalmar shahada. Wannan na ji ta, na taya shi.

Daga gidan Baffa aka ɗauki gawar. Aka ba ni ɗaki kusa da na Goggo Adda, a nan na zauna har na sake aure. Shekarun da kuɗin mai suka shigo aka yi ta gine-gine, na sayi wani keken, na yi ta ɗinka wa matan ma'aikata kaya. Na koyi Fillanci daidai na gaisuwa da ciniki. Har yau Ramatu Gana ake ce mini, jikokina ma haka suke faɗa in an tambaye su gidan wa.

Amma tambayar tun ranar sadakar uku na yi ta. Na sami Baffa shi kaɗai a zaure bayan mutane sun watse, na durƙusa daga nesa.

"Baffa, me ya ce?"

Ya ce, "Yawanci shanu. Yana tsammani muna yara, yana ce mini in kore su daga gonar mutane kafin Dada ta gani."

"Shi ke nan?"

"Ya nemi gafara. Na ba shi."

Na daɗe ina murza bakin zanena. Na ce, "Ni fa? Na saurara, ban ji sunana ba."

Baffa ya dube ni sosai, irin kallon da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Mu ba ma kiran sunan ɗan fari. Ya ce yarinyar da ke tsaye a ƙofa ta gaji, a ba ta wuri ta zauna."

Ban sani ba ko Baba ne ya faɗa, ko Baffa ne ya ga ya kamata a ce ya faɗa. Na duba ta nan na duba ta can, kowanne yana iya zama. Ban sake tambaya ba. Ya jawo buzun da ke gefensa ya tura mini, na tashi daga durƙuson na zauna.